Ranar da Ban Shanya Tawul Ba

Litinin, 2 ga Yuni, da hantsi

Tun Asabar ruwan sama bai ɗauke ba. Na gama littafin da ƙawata Suyapa ta ara mini, na matuƙin jirgin ruwan da ya dawo ya tarar an yi wa budurwarsa baiko, amma ban mayar mata ba. Ƙaninta Nelsito ba shi da lafiya, amai da gudawa. Mama ta ce haƙori yake fitarwa. Na ce to yara huɗu ke nan a layinsu suke fitar da haƙori a mako guda, ɗaya ma ajinsa biyu a firamare.

Da wasa na faɗa. Baba bai yi dariya ba. Ya ajiye tortiya, wainar masarar da ke hannunsa, ya ɗauki hula, ya tafi gidan Don Anselmo, shugaban kwamitin ruwa. Da ya dawo Mama ta tambaye shi, ya ce Don Anselmo ya ce a dakata a ji abin da nas za ta faɗa. Wai in aka zuba magani a tanki yanzu, an shaida wa gari ke nan cewa ruwa ne ke kawo ciwon.

Talata, 3 ga Yuni, kafin makaranta

Cikin makon nan duba-gari zai zo. Edgardo sunansa, na gani a jikin rigarsa. Bai taɓa yi mini magana ba, ɗaga hannu kawai yake yi in zai wuce, amma na lura ba ya ɗaga wa gidan da ke gaba da namu.

Ban taɓa rubuta maganar tawul a nan ba, don ban ɗauke ta a bakin komai ba. Gidanmu ne na farko in an hayo daga gada, kuma daga gonar Baba da ke gefen tanki ana hango katangarmu. Ni kuwa sai da rana nake zuwa makaranta, safiyata a taga take ƙarewa da littafi. In na ji babur ɗinsa sai in shanya tawul rawaya a kan katanga. Baba, da yake shi ne mai kula da ruwan gari, ya gani, ya buɗe maganin kulorin. Kafin Edgardo ya gama da nas, ya ci wake da ƙwai a rumfar Doña Tencha, maganin ya sauko famfon makaranta inda yake ɗiban ruwan gwaji. Ya rubuta lafiya lau ya tafi, Baba ya rufe.

Da, kullum Baba yake zubawa, yadda hukuma ta ce. Sai mata suka fara ƙorafi: gahawa ta lalace, wake yana warin wanki, tortiya ba ta daɗi. Doña Tencha, mamar su Suyapa, ita ta zo har gida da kofin gahawa a hannu. Baba ne ya riƙe Nelsito ranar baftisma, don haka ba ta jin nauyinsa.

Ta ce, "Compadre, karɓi ka sha. In ka iya shanyewa, na yi shiru har abada."

Baba ya kurɓa, ya yamutsa fuska. Mama ta yi dariya har da riƙe ciki.

Doña Tencha ta ce, "Ka gani? Direbobi sun koma shan lemo a kanti. So kake ɗan baftismarka ya ci me, takardar hukuma? Kakanninmu ruwan dutsen nan suka sha, wa ya mutu?"

Wa zai iya ce wa comadre, uwar ɗan baftismarsa, a'a? Kwamiti ya zauna, kowa ya gyaɗa kai, aka tashi. Ni aka ba tawul.

Zan sa shuɗiyar rigata gobe, ko da gobe ne zai zo.

Alhamis, 5 ga Yuni, da yamma

Ya zo. Ba zan rubuta ba.

Juma'a, 6 ga Yuni, da sassafe

Zan rubuta, in ba haka ba zai yi ta zagaye a kaina.

Na ji babur tun daga gada. Tawul yana nan a kan kujera kusa da ni. Sai na tuna ban taje kaina ba, na ce bari in shiga in fito, ai ba daɗewa zan yi ba. Ina gaban madubi na ji injin ya mutu a ƙofar gidanmu.

A ƙofar gidanmu. Sau nawa na tsara wannan a raina, har da abin da zan ce.

Ya cire hular kwano, gashinsa duk ya jiƙe. Ya ce, "Barka da safiya, 'yammata. Nan ne gidan Don Lalo mai kula da ruwa?"

Na gyaɗa kai.

"Ko zan samu ruwa? Na famfo, don Allah."

Na ɗauko tambulan mai zanen furanni, wanda Mama ba ta bari a taɓa sai Fadan coci ya zo. Na ɗauraye shi sau biyu. Na miƙa masa, yatsansa ya taɓa nawa, na ce a raina to ga shi nan, haka ake farawa.

Bai sha ba. Ya ciro wata 'yar kwalba, ya tsiyaya ruwan a ciki, ya jefa ƙwaya, ya girgiza, ya ɗaga sama yana dubawa. Na san in da magani ruwan yakan koma ruwan hoda, na sha gani a makaranta. Muka tsaya muna kallon kwalbar, ni da shi. Fari tas.

Ya sake gwadawa. Sannan ya ce, "Nas ta kira ofishinmu jiya. Yara tara." Ya miƙo mini tambulan, ya ce kada kowa ya sha wannan sai an tafasa, ya tambaye ni hanyar tanki.

Ni na nuna masa hanyar.

Lahadi, 8 ga Yuni, bayan coci

Fada ya sanar a tafasa ruwa. Yanzu kowane famfo warin magani yake, ba mai cewa komai.

An tafi da Nelsito asibitin birni a bayan motar Don Anselmo. Ƙarin ruwan da nas take yi masa bai tsaya a jikinsa ba. Suyapa ta zauna a bencin gaba ita kaɗai, na je na zauna kusa da ita, ta matsa ta ba ni wuri. Ta ce ya rame har idonsa ya faɗa, amma ya gane ta, ya ja mata gashi. Ta ce, "Kin gama littafin? Ya aure ta?" Na ce ya aure ta. Ta ce ai ta sani, dukansu haka suke yi.

A bakin coci maza sun yi da'ira, da Baba ya nufo su sai da'irar ta watse. Kowa ya tuna yana da aiki.

Talata, 10 ga Yuni, da tsakar rana

Mama tana niƙa masara ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Ina tawul ranar nan, Idalia?"

Na ce na manta.

"Kin manta, amma ba ki manta da shuɗiyar riga ba."

Ba ta ƙara ba. Baba kuwa bai tambaya ba sam. Da ma ya tambaya. Da ma ya yi faɗa.

Na buɗe sabon littafi, shafi ɗaya na yi ta karantawa.

Alhamis, 12 ga Yuni, da yamma

An kaɗa ƙararrawar coci da hantsi, ƙaramar, wadda ake kaɗa wa yara in sun rasu.

Juma'a, 13 ga Yuni, bayan an dawo

Uban baftisma ne yake kawo akwati, haka aka saba. Baba ya ƙi saye. Ya cire katakon da ya ajiye don yi mini teburin karatu, ya wuni yana fiƙa, ya shafa farin fenti. Ni na riƙe masa ƙusoshi. Ban san akwati yana iya zama ƙarami haka ba, da hannu ɗaya ya ɗauke shi.

A ƙofar gidan kawun Suyapa ya tare mu. Ya ce, "Ajiye a nan, Lalo. Mun gode. Sai ka koma."

Baba ya ce, "Ɗana ne, ni zan ɗauke shi."

"Ai ka riga ka ɗauke shi."

Doña Tencha tana zaune a ciki, mata sun kewaye ta, tana jin komai. Ta ɗago ta kalli Baba. Na jira ta ce a bar shi ya shigo. Ta mayar da kai ƙasa.

Mun bi su a baya, nesa, har maƙabarta. Suyapa ce ta riƙe furanni. Ba ta waiwayo ba, ko kuma ta waiwayo ban gani ba.

Litinin, 16 ga Yuni, da yamma

Ban je makaranta ba. Ina tsince wake a bayan ƙofa Don Anselmo ya zo, suka zauna da Baba a baranda. Mama ta kawo masa gahawa, ya kurɓa ya ajiye.

Ya ce, "Hukumar gunduma za ta turo mutane ranar Juma'a, taro a makaranta. Suna so su ji wa ya ce a rufe magani."

Baba ya ce, "Ai ka san wa ya ce."

"Ni ban san komai ba, Lalo. Hira aka yi. Ka taɓa ganin an rubuta?"

"Litinin ɗin can fa, da na zo gidanka? Ita ma hira ce?"

Don Anselmo ya juya hularsa. Can ya ce, "Faɗi, ba na hana ka. Ka ce kwamiti ne. Za su ce me ya sa, mu ce jama'a ne suka kawo kuka. Za su ce wa ya kawo. A gaban gari za su tambaya, ita kuma Tencha tana zaune a wurin da baƙaƙen kaya."

Don Anselmo ya miƙe.

"Ni dai na faɗa maka yadda zai tafi."

Da ya fita Mama ta zubar da ragowar gahawarsa a ƙasa, ta ce tsohon kuren nan ya samo inda zai ɓuya, bayan siket ɗin mace mai makoki. Ta ce, "Kai kuma za ka bar shi." Baba ya ce bai ce komai ba tukuna. Ta ce, "Shekara ashirin ina kallon bayan wuyanka, na san in ka gama yanke shawara."

Laraba, 18 ga Yuni, da hantsi

Edgardo ya dawo da wasu mutum biyu masu dogayen takalman roba. Sun bi bututu tun daga maɓuɓɓuga. Wasu sun ce sun ga tsagewa kusa da garken shanu, wasu sun ce zaftarewar ƙasa ce ta turo ƙazanta, kawun Suyapa yana cewa tankin ne ba a wankewa, alhali da idona nake ganin Baba yana wanke shi. Ba wanda ya faɗa mana takamaimai.

Ya tsaya a katangarmu yana jiran abokansa. Ya ce, "Dalia, ko?"

Na ce Idalia.

"Yi haƙuri. Idalia, wata da watanni ina gwada ruwan garin nan yana fitowa daidai. Ina ta tunanin yaya aka yi. In akwai abin da kika sani, faɗa mini zai taimaki babanki, ba zai cuce shi ba."

Gwiwar hannunsa tana kan katangar, daidai wurin da nake shanya tawul. Yana da ƙurji a haɓa, ban taɓa lura ba. Fuskarsa ta mutumin da bai yi barci ba ce. Na ga ashe shi ma tsoro yake ji, shi ma akwai wanda zai tambaye shi.

Na ce ban san komai ba.

Ya ce to, ya gode.

Ban san komai ba. Irin maganar Don Anselmo sak, har muryar.

Juma'a, 20 ga Yuni, da yamma

An cika ajin 'yan aji shida, wasu a taga. Matar da hukuma ta turo ta karanta doka: kullum a zuba, kullum a gwada. Ta ce ba ta zo kama kowa ba, so take ta ji yadda aka yi. Ta tambayi kwamiti. Don Anselmo ya ce su sun ɗauki ma'aikaci, sun ba shi magani, sun ba shi amana.

Ta ce, "Akwai wanda ya taɓa cewa a daina zubawa?"

Duk matan da suka yi kukan wake da tortiya suna nan, na san su ɗaya bayan ɗaya. Wata tana gyara ɗankwali, wata ta ga yaronta yana bukatar a fita da shi. Doña Tencha tana layi na biyu, Suyapa ta riƙe mata hannu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Kowa ya juyo. Matar ta ce, "Ina jin ki, 'yata." Na buɗe baki.

Baba ya ce, "Zauna, Idalia." A hankali ya faɗa, kamar yana ce mini in miƙo gishiri.

Na zauna.

Ya miƙe ya ce, "Mabuɗi a hannuna yake. Ni nake buɗewa, ni nake rufewa. Na san doka, an koya mini. Da yara suka fara ciwo na yi zargi, kuma na ƙara kwana uku ban buɗe ba. Ba ni da abin da zan ƙara."

Matar ta kira shi da cikakken sunansa, ta ce, "Kai kaɗai, Don Eulalio?"

Ya cire mabuɗin daga ɗamararsa ya ajiye a teburin malam.

Wani daga baya ya ce mai kisan kai. Ba a tsawata masa ba. A ƙofa na yi karo da Suyapa, ta ce, "Me kika tashi faɗa? Cewa za ki yi babanki mutumin kirki ne?" Na ce a'a. Ta ce, "Ki riƙe littafin, ba na so."

Asabar, 21 ga Yuni, da safe

Da ma na yi magana kafin ya ce in zauna. Akwai lokaci, ya kai a ja numfashi uku.

Talata, 24 ga Yuni, da la'asar

Ba za a kai shi kotu ba, in ji su, amma ba zai sake taɓa ruwan gwamnati ba. Masu sayen masararmu sun koma wani wuri. An jefo dutse a kwanon rufinmu. Baba zai tafi bakin teku wajen ƙaninsa, aikin gonar kwakwar manja.

Yau ya hau tanki ya nuna wa sabon ma'aikaci, ɗan 'yar'uwar Don Anselmo, yadda ake auna magani. Ba wanda ya sa shi. Na bi shi da abinci. Na ji yana ce masa, "Za su zo maka. Ba yanzu ba, sai baɗi, in an manta. Kuma ba maƙiyinka ne zai zo ba."

A hanyar saukowa na ce, "Baba, ranar nan ban shanya ba."

Ya ce, "Na sani, ai ina kallon katangar."

"Da na shanya..."

"Da kin shanya, da bai canja komai ba. A ƙofarmu ya fara tsayawa, magani ba ya sauka da sauri haka. Cire wannan daga ranki."

Na ce to me ya sa bai faɗi gaskiya a taro ba.

Ya ce, "Abin da na faɗa ƙarya ne?"

"Ba duka ka faɗa ba."

Ya tsaya ya karyi wani reshe da ya tare hanya. "Ni zan iya hawa mota in bar gari. Tencha ina za ta je ta bar kanta? Yanzu tana da wanda za ta tsana, tana iya tashi da safe ta hura wuta. In na karɓe mata wannan, me ya rage mata?"

Na ce ai ta sani.

Ya ce, "Sani daban, a faɗa maka a gaban mutane daban."

Ya ce in cire daga raina, na cire. Sai wani ya shigo madadinsa. Kwana da kwanaki ina kukan ranar da ban shanya ba, ban taɓa tsayawa na duba sauran ranakun ba, waɗanda na shanya, da sauri, ina murna zan ga an ɗaga mini hannu.

Asabar, 28 ga Yuni, da hantsi

Mama ta ƙi rakiya, ta ce in ta je za ta faɗi abin da ba a so. Ni na ɗaukar masa jaka.

Motar bakin teku a gaban rumfar Doña Tencha take tsayawa, babu wata tasha. Ta buɗe rumfar shekaranjiya. Suyapa tana wanke kofuna, mutane kamar goma suna jira, duk suka bar hira da muka iso.

Baba ya ce, "Barka da asuba, comadre." Ta ci gaba da juya madara a tukunya.

Muka koma gefe. Ya ga littafi ya leƙo daga aljihun siket ɗina, ya ce, "A littattafan nan naki, mutum irina yaya yake ƙarewa?"

Na ce, "Babu irinka a ciki, Baba."

Ya yi murmushi, ya ce in taimaki Mama, kuma kada in bar makaranta ko da ba a yi mini magana.

Mota ta zo. Ya sa ƙafa ɗaya a matakala, sai Doña Tencha ta ce, "Compadre."

Ta fito daga bayan tebur, ludayi a hannunta. Kowa ya juyo, har direba. Ta ce, "Compadre, ni ce..."

Baba ya ce, "Comadre, madararki za ta zube." Ya girgiza mata kai kaɗan, ya shige.

Da gaske madarar tana tasowa. Ta koma ta sauke tukunyar, ta tsaya riƙe da ita, ta rasa inda za ta ajiye, har motar ta sauka gada.

Suyapa ta ji abin da na ji. Ta bar wanke kofin, tana kallon mamarta. Na ɗan tsaya ko za ta kalle ni, sai na ga gara kada ta kalla, na taho gida.